Jinjina ga Masu Tonon Asali a Biritaniyar Faransa

A yankin Bretagne, can gaɓar tekun arewa maso yammacin Faransa, akwai wasu bayin Allah da suka cancanci a yi musu kirari: 'yan sa-kai masu kwafe tsofaffin littattafan haihuwa, aure da mutuwa. Da yawansu 'yan fansho ne, kuma ba a biyan su ko sisi.

Aikin ba na rago ba ne. Tun 1406 bishop ɗin Nantes ya umarci limaman coci su riƙa rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, kafin dokar sarki ta 1539 ta game ƙasa. Sai a 1792 rajistar ta koma hannun hukuma. Ga Latin, ga tawada da ta koɗe, ga rubutun limami mai gaggawa, ga kuma ƙauye guda cike da masu suna Le Gall. Wanda ya yi garaje sai ya ɗauki kakan wani ya mai da nasa.

Inda suka fi burge ni shi ne batun teku. Masuntan garin Paimpol da suka tafi kamun kifi Iceland, da yawa ba su dawo ba, ba gawa ba kabari. Sai a koma rajistar matuƙan jiragen ruwa, wadda ta samo asali tun zamanin minista Colbert, a gano jirgin da mutum ya shiga da shekarar da ya ɓace.

Ƙungiya irin Centre Généalogique du Finistère ta zuba wannan wahala a intanet. Jikan da ke Kanada yana iya samo kakanninsa daga ɗakinsa. Sun yi aiki, a yaba musu.