Haƙori Shaida Ne, Amma Ba Alƙali Ba

A shekarar 2021 mujallar Nature ta buga wani bincike da ya tada tsohuwar gardama a kan Canis dirus, ƙaton kyarkecin Amurka da ya ƙare tun zamanin ƙanƙara. Joseph Leidy ya raɗa masa wannan suna a 1858, masana kuwa suka daɗe suna ɗaukarsa ɗan'uwan kyarkecin Turai na jini, domin fiƙoƙinsu da turamen haƙoransu da muƙamuƙansu sun yi kama ƙwarai. Da aka tatso ƙwayoyin gado daga ƙasusuwa 5, masu binciken suka ce zuriyoyin biyu sun rabu tun shekara miliyan 5 da ɗoriya. Ashe kama da wane ba wane ba ce. Haƙori yana bin abinci, dabbobi biyu masu farautar manyan namun daji sai su tashi da baki iri ɗaya ko da dangantakarsu ta yi nisa.

Manomin Gangara da ke jin kukan dila da dare ya fi kusa da zancen nan fiye da yadda yake zato. Binciken 2015 ya nuna cewa dilan Sahel, malamin daji na tatsuniya, ya fi kusanci da kyarkecin Turai bisa ga dilan Asiya da aka haɗa su suna ɗaya shekara da shekaru.

Aikin 2021 ya cancanci yabo. Aibinsa yana ga yadda ake karanta shi, kamar dai masu auna haƙori sun yi aikin banza. Wannan rashin adalci ne. Sunan Aenocyon da aka maido wa dabbar, John Merriam ne ya kawo shi tun 1918, da ƙashi kaɗai a hannunsa. Ga kuma zafin ƙasashenmu, wanda ke lalata ƙwayoyin gado da wuri. Vulpes riffautae, ƴar yanyawar da aka bayyana a 2007 daga Toros-Menalla ta Cadi, inda aka tono Tumai, shekarunta wajen miliyan 7 ne, ba ta kuwa bar wa kowa komai ba sai gutsattsarin muƙamuƙi da haƙora.

Malamin da zai kai darasin nan aji yana da tasa matsalar: kyarkeci a bakin mafarautan Hausa karen daji ne mai dabbare-dabbare, Lycaon, ba na Turai ba, alhali littattafai suna kiran duka biyun da kalma ɗaya.