Littattafan New Concept English a Hannun Sinawa: Sharhi

A shekarar 1967 kamfanin Longman na Ingila ya buga wasu littattafai huɗu na koyon Turanci a ƙarƙashin suna guda, watau New Concept English. Mawallafinsu L. G. Alexander ne, malami haifaffen London, wanda ya yi shekaru yana koyar da Turanci a birnin Atina na ƙasar Girka. An karanta littattafan nan a ƙasashe da dama, amma babu inda suka sami karɓuwa kamar ƙasar Sin. Har ta kai bayan rasuwar mawallafin a 2002, aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a Beijin, a harabar maɗaba'ar da take buga littattafan a can. Abin da nake so in duba a wannan takarda shi ne ko yawan kasuwar nan shaida ce ta cewa littattafan sun dace da mai jin Sinanci. A ganina ba shaida ba ce, kuma dalilin ya shafi kowane malami da aka ɗora wa nauyin zaɓa wa ɗalibai littafi.

Sai mu fara da yadda suka shiga ƙasar. A shekarun 1950 Rashanci ne harshen waje da Sinawa suka fi koyo. Daga 1966 zuwa 1976 kuwa, zamanin juyin al'adu, karatu ya tabarbare ƙwarai. Da aka maido da jarrabawar shiga jami'a a 1977, aka kuma buɗe ƙofar ciniki da ƙasashen waje daga 1978, sai ƙishirwar Turanci ta taso gaba ɗaya, ga malamai kaɗan, ga littattafai ƙalilan. A 1982 gidan talabijin na ƙasar ya fara nuna shirin Follow Me na BBC, wanda shi ma Alexander yana da hannu a tsara shi. A cikin wannan hali ne littattafan suka bazu. A 1997 aka fitar da sabon bugu musamman domin Sinawa, tare da wani malaminsu mai suna He Qixin, aka ƙara fassara da bayani da jerin kalmomi cikin Sinanci.

Na farkon littattafan, First Things First, yana da darussa 144, galibinsu gajerun hirarraki ne da aikin maimaitawa. Na biyu, Practice and Progress, darussa 96 ne. Na uku da na huɗu na waɗanda suka yi nisa ne, kuma na huɗun an tsamo nassoshinsa daga rubuce-rubucen marubuta irin su Bertrand Russell. Na biyun nan shi ne ƙashin bayan aikin, a kansa zan fi tsayawa.

Lalle a yaba wa Alexander a kan gwanintarsa ta gina darasi. Kowane darasi na littafi na biyu ɗan labari ne da bai wuce rabin shafi ba, yana da farko da tsakiya, ƙarshensa kuma sau da yawa abin dariya. Na farkonsu labarin wani mutum ne da ya je gidan wasan kwaikwayo, wani saurayi da budurwa a bayansa suka hana shi ji da surutu, da ya juya ya yi musu magana sai saurayin ya ɗauka hirarsu yake son saurare, ya ce masa ba ruwansa. Mai karatu ba zai lura ba, amma kowace jimla a labarin an auna ta ne domin ta koyar da abu guda, watau jerin kalmomi a sassauƙar jimlar Turanci. An raba littafin kashi huɗu, kowane kashi darussa 24, kuma abin da aka koyar a darasi na 1 shi ake komowa kansa a na 25 da na 49 da na 73, kowane zagaye ya fi na baya wuya. Haka kuma aikin taƙaita labari: ɗalibi zai amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya haɗa amsoshinsa su zama sakin layi wanda ba zai wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade masa ba. Da wuya a sami dabarar da ta fi wannan wajen fid da yaro daga jimla guda zuwa insha'i ba tare da ya faɗa rami ba. Malaman kwalejojin horon malamai za su amfana idan suka nazarci wannan tsari, ko da ba za su taɓa koyar da littafin ba.

Amma fa littafin an rubuta shi ne domin baƙon Turanci ko daga ina ya fito, Bagirke ko Bajamushe ko Balarabe. Shekaru goma kafin fitowarsa, a 1957, Robert Lado ya wallafa Linguistics Across Cultures, inda ya nuna cewa wahalar mai koyo takan taru ne a wuraren da harshensa ya saɓa da harshen da yake koyo. An yi ta gardama a kan iyakar gaskiyar wannan ra'ayi, kuma an tabbatar ba dukan kurakurai ne ke fitowa daga harshen uwa ba. Duk da haka, idan harsuna biyu suka yi nisa kamar Sinanci da Turanci, malamin da ya yi watsi da saɓaninsu zai sha wuya.

Ɗauki aikatau. A Sinanci aikatau ba ya sake kama sam. Basine zai ce abin da ya yi daidai da "ni jiya tafi, ni gobe tafi", kalmar lokaci ita ce take nuna ko aikin ya wuce ko yana tafe, sai kuma wasu 'yan ƙananan kalmomi irin su le da guo masu nuna kammaluwar aiki ko taɓa yinsa. To mutumin da ya tashi da irin wannan harshe, kafin a kai ga bambancin went da has gone, sai an fara sa shi ya saba da cewa aikatau kansa dole ne ya ɗauki alamar lokaci ko da an riga an ce "jiya". Bafaranshe ya zo da wannan sabo daga gida. Bahaushe ma yana da abin kamawa, tun da shi a jikin lamirin suna yake sa alamar, ya ce na tafi, zan tafi, nakan tafi. Littafin Alexander kuwa yana ɗaukar cewa mai koyo ya riga ya san ana yin haka, abin da ya rage sai a nuna masa yadda Turanci yake yi.

Haka batun 'yan kalmomin nan the da a. Sinanci ba shi da su, kuma galibi ba ya sa wa suna alamar jam'i. Ɗalibin Sin yakan yi shekaru yana zubar da su ko ya cusa su inda ba wurinsu ba. A littafi na biyu an keɓe musu darussa huɗu cikin 96, ɗaya a kowane kashi, daidai da sauran ƙa'idoji. Ga Bajamushe, wanda harshensa yake cike da irinsu, huɗu sun isa. Ga Basine abu ne da ya kamata a riƙa taɓawa kullum. Akwai kuma wani abin da zai ba Bahaushe dariya: kalmar ta a bakin Basine tana nufin shi, tana nufin ita. A rubuce sun bambanta su tun wajen 1920, amma a furuci ɗaya suke. Shi ya sa za ka ji wanda ya ƙware ƙwarai yana ba da labarin mahaifiyarsa, sai ya kira ta he bai sani ba. Wannan kuskure na baki ne, aikin cike gurbi a takarda ba ya kama shi.

Wani wurin kuma mu da su tafiyarmu ɗaya. Basine yana haɗa "ko da yake" da "amma" a jimla guda, kamar yadda muke yi, alhali Turanci yana son a ɗauki although ko but, ba duka biyu ba. Gaɓar Sinancin Beijin ba ta tara baƙaƙe a jere, kuma baƙaƙen da take ƙarewa da su ƙalilan ne, saboda haka sukan cusa wasali, kamar yadda muka mai da kalmomin Turanci suka zama burodi da buroshi. Abin lura a nan shi ne alamun jam'i da na shuɗaɗɗen lokaci a Turanci a ƙarshen kalma suke, inda bakin Basine ya fi nauyi. Ashe kuskuren da malami zai ɗauka na nahawu ne yana iya zama rabinsa na furuci.

Batun kalmomi ya fi duka nauyi. Bafaranshe idan ya buɗe littafin Turanci zai tsinci ɗaruruwan kalmomi da ya riga ya sani. Basine ba ya tsintar komai sai 'yan kalmomin aro. Harshensa kuma yana gina sabuwar kalma ne daga tsofaffi a fili: dian ita ce lantarki, sai a ce maganar lantarki ga tarho, inuwar lantarki ga silima, ƙwaƙwalwar lantarki ga kwamfuta, kamar dai jirgin sama da jirgin ƙasa a wurinmu. Turanci ma yana da irin wannan gini, amma ya ɓoye shi cikin saiwoyin Latin da Girkanci. Da za a nuna wa Basine saiwoyin nan da wuri, da ya ga abin da ya saba da shi. Jerin kalmomin da aka ƙara a bugun 1997 kuwa, kalma ga fassararta, yana ƙarfafa zaton cewa kowace kalmar Turanci tana da abokiya guda a Sinanci. Daga nan ake samun mai cewa ya buɗe fitila, domin kai a harshensa tana nufin buɗewa da kunnawa, ko ya ce ya ci magani, kamar yadda ɗalibinmu yakan so ya sha taba da Turanci.

To me ya sa littattafan suka yi amfani duk da wannan? Domin Sinawa sun yi da su abin da mawallafin bai nufa ba. Alexander ya tsara cewa ji ya riga faɗi, faɗi ya riga karatu, karatu ya riga rubutu, kuma malami yana aji yana jan tambaya da amsa da sauri. Ɗalibai masu yawa a Sin kuwa haddace darussan suka yi, labari bayan labari, da malami ko babu. Al'adar hadda tsohuwa ce a can. Yara sun yi ƙarnuka suna haddace littattafan magabata domin jarrabawar aikin sarauta, wadda ba a soke ta ba sai 1905. Gajerun labaran nan masu daɗi, masu tsabtar jimla, sai suka zo daidai da wannan al'ada.

Mu da muka san makarantar allo ba za mu raina hadda ba. Wanda ya haddace labarai casa'in da shida ya tara jimloli ingantattu masu yawa a kansa, kuma the da alamun lokaci sun ratsa bakinsa sau dubbai a wurarensu na daidai. Watakila ta wannan hanya hadda ta toshe wani sashe na giɓin da na ambata, ba da shirin kowa ba. Sai dai tana da iyaka. Sinawa da kansu suna da suna ga sakamakon, suna kiransa Turancin bebe: mutum ya ci jarrabawa, ya karanta jarida, a tare shi da tambaya a hanya ya rasa ta cewa. Ba daidai ba ne a ɗora wa Alexander laifin wannan, domin jarrabawar da ta fi auna nahawu da karatu ita ce ta fi ƙarfi a kan abin da ɗalibi zai mai da hankali a kai. Amma littafin bai iya hana shi ba.

Game da karatu kuwa, ƙarancinsa ne aibin. Rabin shafi a darasi yana koyar da karatun ƙwaƙƙwafi, kalma bayan kalma, ga fassarar Sinanci a kusa tana jiran wanda ya gaji. Ba ya koyar da karatun gudu, inda mutum zai wuce kalmar da bai sani ba ya cinko ma'anarta daga abin da ke kewaye da ita. Wannan sai da littattafan hira masu sauƙi, masu yawa, a gefe. Duniyar labaran ma ta tsufa. Ingila ce ta shekarun 1960, ta wasiƙu da tangaraho, ko da yake bugun 1997 ya sabunta wasu darussa. Tun da ma'aikatar ilmi ta Sin ta umarta a 2001 a fara Turanci daga aji uku na firamare, yaran da suke riƙe littafi na farko sun ƙara ƙanƙanta, alhali an rubuta shi ne da manya da 'yan sakandare a zuci, abin da ya sa daga baya aka fitar da wani bugu dabam na yara.