Lambun Fada a Idon Kyamara: Fersai da Khartum

Masu nazarin tarihin ɗaukar hoto sukan ambaci Eugène Atget (1857-1927) a duk lokacin da ake maganar lambunan sarakunan Faransa. Daga 1901 ya riƙa ɗaukar lambun fadar Fersai, wanda André Le Nôtre ya tsara wa Sarki Louis na 14. Da sassafe yakan fita, ɗauke da babbar kyamarar katako da faifan gilashi, kafin 'yan yawon buɗe ido su iso. Shi ya sa hotunansa kusan babu mutum a ciki. Sai matakala, da itatuwa, da mutum-mutumin da aka jera a bakin maɓuɓɓugan ruwa. Su kansu maɓuɓɓugan galibi a kashe suke, domin a wasu ranaku kaɗai ake sakin ruwansu. Gumakan da aka sassaƙa don su yi feshi suna tsaye bakinsu a bushe, ruwan tafkin kuwa kwance yake kamar madubi. Ƙarfin aikin Atget a nan yake, ya nuna fadar da sarauta ta daɗe da ƙaura daga cikinta.

A waɗannan shekaru ne kuma ake ɗaukar hoton wani lambun fada a Sudan. Wanda ya tsaya a gaɓar Bahri, ya dubi ƙetaren Shuɗin Nilu, zai hango fadar da Turawan Ingila suka sake ginawa bayan yaƙin Umdurman na 1898, a kan kufan wadda aka kashe Gordon a cikinta a 1885. G. N. Morhig, mai kantin magani a Khartum, ya buga katunan gidan waya masu hotunan fadar, Turawa suna aikawa gida.

Ɗalibi zai iya zaton nau'i ɗaya ne, tunda dukansu sun fifita gini da tsirrai a kan mutane. Ba haka ba ne. Katin Khartum talla yake yi wa mulkin da bai daɗe da kafuwa ba, yana shaida wa mai karɓarsa a Landan cewa ƙasa ta kwanta. Tsaftar lambun ita ce hujjarsa, kuma ba ya faɗin wanda ke ban ruwa da shara. Bayan yaƙin Burmi na 1903 Hausawa da Fulani masu hijira sun yi ta kwarara zuwa Sudan, suna zama a bakin wannan kogi. Ba irinsu mai sayen katin fada yake son gani ba.

Fadar kanta ta lalace ƙwarai a yaƙin da ya ɓarke a 2023, don haka katunan Morhig sun koma shaidar tarihi, aikin da ba don shi aka buga su ba.