Naman Ranar Biki: Abin Da Ake Saye A Tsofaffin Gidajen Sitek Na New York

A gindin gadar Williamsburg, cikin unguwar Brooklyn ta birnin New York, akwai wani tsohon ginin bulo da ake cin nama a cikinsa tun 1887. Sunansa Peter Luger. Baƙon da ya shiga da zaton zai tarar da kujerun alfarma da labule masu ƙyalli zai sha mamaki. Teburan katako ne tsirara, fitilu a kunne tar kamar ɗakin jarrabawa, masu kawo abincin kuma galibi manya ne sanye da fararen tufafin aiki, waɗanda duk birnin ya san ba su cika ɓata lokaci wajen fara'a ba. Duk da haka nan ɗa yake kawo mahaifinsa ranar da ya cika shekara 70, nan ake kawo yarinyar da ta gama digiri, nan ɗan kasuwa yake jan abokin cinikinsa ranar da suka sa hannu a takarda.

Abin da ake jira yana zuwa ne cikin faranti mai ƙuna, man shanu na tafarfasa a gefensa. Yanka ne mai kauri daga gadon bayan sa, da ƙashi a tsakiya, tsoka mai ɗan ƙarfi a ɓangare guda, mai laushi a ɗaya ɓangaren. Fotahaus suke kiransa. Tun daga kicin an riga an yayyanka shi an sake jera shi jikin ƙashinsa. Mai hidimar sai ya kife wani ɗan ƙaramin faranti, ya ɗora gefen babban a kai don ya karkace, romo da mai su taru a ƙasa. Ya ɗauki cokali biyu, ya raba wa kowa yanka ɗaya ko biyu, ya kamfaci man ya kwarara a kai, ya juya ya tafi abinsa. Haka aka yi wa kakan mai cin, haka za a yi wa jikansa.

Girkin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne: gishiri, wuta, man shanu. Mai tsiren da ke bakin tukuba a Kano ya fi kukun wannan gida yawan haɗe-haɗe, domin shi yana da ƙuli-ƙuli da citta da barkono. To me mutum yake biya, idan farantin mutum biyu ya haura dala 100 kafin a ƙara ko dankali ɗaya?

Rabin amsar yana cikin tarihi. Asalin al'adar daga Landan take, inda tun ƙarshen ƙarni na 17 ake da ƙananan gidajen da 'yan kasuwa da akawuna ke shiga su ci gasasshen yanka su koma aiki. A 1735 har ƙungiya aka kafa a birnin ta masu cin gasasshen naman shanu. Da al'adar ta tsallaka teku sai ta yi rassa biyu a New York. Akwai na masu hannu da shuni, irin Delmonico's da ya buɗe babban gidansa a 1837. Akwai kuma walimar 'yan siyasa da ƙungiyoyin ma'aikata, wadda ake yi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa: maza zalla, a zauna kan akwatuna, a ɗaura farin ƙyalle a ƙirji, babu wuƙa babu cokali, a yi ta ɗaukar yankakken nama a kan burodi da hannu ana korawa da giya har sai ciki ya ce ya isa. Jam'iyyu sun riƙa amfani da ita wajen tara kuɗi da neman ƙuri'a. Ɗan jaridar nan Joseph Mitchell ya rubuta labarinta a mujallar New Yorker a 1939, lokacin da ta fara ja da baya, kuma ya nuna yadda shigowar mata bayan sun sami 'yancin zaɓe a 1920 ta sauya mata kama. Gidan sitek na yau ɗan waɗannan rassa biyu ne. Daga ɗaya ya gaji tsada, daga ɗayan ya gaji cin ƙoshi da rashin tsantseni.

Zancen mata kuwa ba a 1920 ya fara ba. Gidan Keens, wanda aka buɗe a 1885 a yankin gidajen wasan kwaikwayo na Manhattan, na maza ne kawai har zuwa 1905, lokacin da fitacciyar 'yar wasa Lillie Langtry ta kai shi kotu saboda an hana ta shiga, ta kuma yi nasara. Gidan da ya sha kayen shi ne yau yake tinƙaho da labarin, har akwai ɗaki mai sunanta a ciki. Wanda ya ɗaga kai a Keens zai ga dubban dogayen lofunan yumɓu jere a rufi. Da can kowane mai zuwa yana ajiye nasa a gidan, saboda lofen ya cika saurin karyewa, ba ya jure aljihu. Cikin masu lofe a wurin akwai Theodore Roosevelt da Babe Ruth.

Amma lofe da hotunan bango ado ne. Abin da ya riƙe sana'ar jirgin ƙasa ne. A 1865 aka buɗe babbar karar shanu ta Chicago, sannan a ƙarshen shekarun 1870 Gustavus Swift ya fara jigilar yankakken nama zuwa biranen gabas cikin taragu masu ƙanƙara. Sa ya daina yin doguwar tafiya da rai yana ramewa a hanya. Daga baya, a 1927, ma'aikatar gona ta Amurka ta fara buga wa nama hatimin daraja. Matakan da mai saye ya fi sani uku ne: Prime a sama, sai Choice, sai Select. Babban ma'aunin shi ne yawan farin kitsen da ya ratsa cikin jar tsoka kamar zare, ba wanda ya taru a gefe ba. Irin wannan kitse ba ya samuwa a jikin dabbar da ke yawon kiwo tana cinye tazara. Sai an turke ta wata da watanni ana ɗura mata masara. Shekaru da dama abin da ke samun hatimin Prime bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba, ko da yake yanzu ya kai wajen kashi goma. A kan wannan ɗan kaso manyan gidajen suke kokawa.

A nan labarin Luger ya fi daɗi. Bayan rasuwar mai gidan, kasuwa ta ja baya har aka sa wurin a gwanjo a 1950. Wanda ya saya, Sol Forman, ba kuku ba ne. Masana'antar kayan ƙarfe gare shi a tsallaken titi, kuma a nan yake cin abincin rana kullum, don haka ya sayi gidan gudun kada ya rasa wurin kai baƙinsa. Matarsa Marsha ce ta ɗauki aikin zaɓen nama. Shekara biyu ta yi tana bin wani tsohon jami'in tantance nama da ya yi ritaya, tana koyon karanta launin tsoka da yanayin kitse a kasuwar mahauta. Daga ita aikin ya koma hannun 'ya'yanta mata da jikoki. Gidan da duniya ke kallo a matsayin fadar maza, idon mata ne ya yi shekaru yana yanke hukuncin abin da zai shiga cikinsa.

Daga kasuwa naman ba ya wucewa kan wuta. Ɗakin sanyi ake kai shi, a jera shi a kan kantoci babu leda babu rufi, sanyin bai wuce digiri ɗaya zuwa uku ba, iska na kaɗawa dare da rana. Ya kan yi mako huɗu, wasu gidajen su kai shi shida ko fiye. A wannan zaman ruwan jikinsa yana tsanewa, ɗanɗanon yana taruwa wuri guda, sinadaran da ke cikin tsokar da kansu suna sassauta ta. Bayansa ya kan yi baƙi ya bushe ƙamas, sai an fere an zubar. Tsakanin ruwan da ya tsere da ɓawon da aka fere, ana iya asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin da aka biya kuɗinsa. Mahaucinmu da ke fafutukar sayar da namansa kafin la'asar, domin naman da ya kwana darajarsa ta faɗi, zai yi dariya idan ya ji akwai inda kwana 28 ne ke ninka farashi. Bambancin bai wuce na ɗakin sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa ba.

Gashin kuwa minti kaɗan ne. Wutar daga sama take bugowa, ba daga ƙasa ba. Kamfanin Ruth's Chris yana tallata cewa murhunsa na kai zafin da ya kusa digiri 980, farantinsa kuma 260. Ita Ruth Fertel, wadda ta kafa kamfanin, jinginar da gidanta ta yi a 1965 ta sayi wani ƙaramin gidan nama mai suna Chris Steak House a New Orleans. Da gobara ta tashe ta a 1976, yarjejeniyar sayen ta hana ta ɗaukar sunan zuwa sabon wuri, sai kawai ta liƙa nata a gaba. Sunan ya fito bambaraƙwai, ya kuma zauna.

Tambayar da ta fi rikita baƙo ita ce ta yadda yake son a gasa masa. Masu gidan sun fi son a bar tsakiyar da ja, da ɗumi kawai, wajen digiri 55, kuma wanda ya ce a gasa masa har ya bushe zai iya ganin fuskar mai hidima ta canza. Jan ruwan da ke kwanciya a faranti ba jini ba ne. Jinin ya tafi tun a mayanka, wannan ruwan tsoka ne da sinadarin da ke ba ta launi. Musulmin da ya shiga irin waɗannan tsofaffin gidaje damuwarsa ta gaskiya a wani wurin take: yadda aka yanka dabbar, da kaurin yankan naman aladen da ke cikin abubuwan buɗe baki da aka fi saye, da giyar da kusan kowane tebur ke ɗauke da ita.

Giyar nan ma ita ce rufin asirin sana'ar. Naman ya riga ya ci kuɗi tun kafin ya iso, ribarsa kaɗan ce. Don haka ake kawo shi shi kaɗai a faranti, komai kuma a biya daban: alayyafo da aka dama da kirim, soyayyen dankali, jatan lande, tumatir da albasa da aka yanka faifai-faifai. Albasa guda da ba ta kai dala ɗaya a kasuwa ba, a nan sai ta zama abin rubutawa a takardar kuɗi. A ƙarshe kuma ga tukwicin kashi 20 cikin ɗari da al'adar ƙasar ta mayar tamkar wajibi.

Ɗaya rabin amsar ba a faranti yake ba. Mai shirya biki ba ya son ba-zata. Gidajen abincin zamani kukun ne sarki, yana canza jerin abinci duk wata, yana kawo loma uku da dogon bayani. A gidan sitek mai gayya ne sarki. Ya san abin da za a kawo, kakarsa za ta gane shi, surukinsa ba zai ji kunyar furta sunansa ba, kowa kuma zai ga girman abin da aka kashe dominsa. Shi ya sa ma masu kuɗin gaske suke komawa can. Shekaru da dama attajiri Warren Buffett yana gwanjon damar cin abincin rana tare da shi don tallafa wa wata gidauniyar agaji ta San Francisco, kuma a Smith & Wollensky ake zaman. Na 2022 an saye shi dala miliyan 19. Har makasa sun san amfanin wurin da aka tabbata mutum zai zo: a ƙofar gidan Sparks aka harbe Paul Castellano, shugaban wani gungun mafiya, ranar 16 ga Disamba, 1985, yana sauka daga mota zai shiga cin abinci.

Sai dai gidan da jarinsa shi ne rashin canji yana iya yin barci a kan suna. A Oktoban 2019 mai sharhin abinci na jaridar New York Times, Pete Wells, ya hana Peter Luger ko tauraro ɗaya. Ya yi ƙorafin cewa gashin ba ya daidaita, kayan gefen sun lalace, ana kuma karɓar baƙo kamar ya zo neman alfarma. A 2022 littafin Michelin ma ya janye tauraronsa. Sharhin Wells ya taɓa inda ke ciwo, domin tsare gida da ƙin karɓar katin bashi, waɗanda gidan ya yi shekaru yana taƙama da su, suna zama abin sha'awa ne kawai muddin naman ya fi na kowa. Ranar da bai fi ba, sun koma wulaƙanci mai tsada. Amma teburan ba su yi sanyi ba. Masu zuwa da yawa ba alƙalancin nama ya kawo su ba, sun zo ne su zauna inda suka taɓa zama da wanda yanzu ba ya raye.

Matsin da ya fi sharhi ƙarfi daga makiyaya yake zuwa. Fari da tsadar abincin dabbobi sun sa garken Amurka ya ragu zuwa kusan miliyan 87 a farkon 2024, adadi mafi ƙanƙanta tun 1951, farashin nama kuma ya yi ta hawa. Gidajen da iyali ɗaya ke riƙe da su suna ta komawa hannun manyan kamfanoni. Kamfanin Darden ya sayi Ruth's Chris a 2023 kan kusan dala miliyan 715. Luger bai sayar ba, amma ya buɗe reshe a Tokyo a 2021 da wani a Las Vegas a 2023. Keens kuwa a 2024 ya koma hannun attajirin Texas Tilman Fertitta, wanda kamfaninsa ke da Morton's da The Palm, kan dala miliyan 30. Lofunan suna nan jere a rufi, ko da yake tun 2003 dokar birnin ta hana kunna ko ɗaya daga cikinsu a ɗakin.