Taro ko Mutum: Tsokaci a kan Yadda Masu Zane ke Siffanta Mutanen Zangon Accra

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tsokaci ce a kan wata fasaha da ba kasafai ake kawo ta cikin darussan sashen harsuna ba, wato zanen mutane a wuraren hada-hadarsu ta yau da kullum: kasuwa da tasha da bakin titi da teburin mai shayi. An ɗauki misalai daga unguwannin zango na birnin Accra a ƙasar Gana, musamman Nima da Maamobi da Sabon Zango. Dalilin kawo batun gaban ɗalibin harshe shi ne, duk wanda ya zauna zai siffanta mutum da alƙalami, matsalar da ke gaban mai zane ita ce a gabansa: me zai ɗauka, me zai bari, kuma daga ina yake kallo?

A shekarar 2007 wani ɗan jarida haifaffen ƙasar Sifen mai suna Gabriel Campanario, wanda ke zaune a birnin Seattle na Amurka, ya soma tara masu irin wannan zane ƙarƙashin sunan Urban Sketchers. Babbar ƙa'idarsu ita ce mai zane ya je wurin da ƙafarsa, ya zana abin da idonsa ya gani a lokacin, kada ya kwaikwaya daga hoto. Mu kira shi zanen gani-da-ido. Ƙa'idar tana da kyau, amma an gina ta ne a kan birnin da baƙo zai iya zama a lungu ba wanda ya kula da shi. Zango ba irin wannan birni ba ne.

2.0 Zango da Idon Baƙo

Malam Baƙo, wanda mahaifinsa ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, a filin da ya samu daga hannun sarakunan Ga. Nima kuwa ta taso ne a shekarun 1930, kuma ana danganta kafuwarta ga Malam Amadu Futa. A yau akwai Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Kotokoli da Mosi da Dagomba da Yarbawa a waɗannan unguwanni, Hausa ce kuma harshen da ya haɗa su. Pellow (2002), a littafinta Landlords and Lodgers, ta yi bayani dalla-dalla kan yadda gidajen Sabon Zango na asali suka bi tsarin gidan Bahaushe: zaure a gaba, cikin gida a baya, kowanne da waɗanda ke da ikon shiga. Wannan bayani ya shafi mai zane kai tsaye. Iyakarsa zaure. Abin da zai gani a titi shi ne majalisar samari masu dafa shayi, da tsofaffi a ƙofar masallaci, da teloli, da mahauta. Matan da za su shiga littafinsa su ne waɗanda sana'a ta fito da su: mai kunu da ƙosai da sassafe, mai shinkafa da wake, da 'yan matan arewacin Gana masu dako a ka. Rabin rayuwar unguwar yana bayan bango.

A nan ɗalibi zai so ya lura da yadda Hausa ta shiga bakin mutanen Gana ta hanyar waɗannan sana'o'i. Abincin da ake rubutawa waakye daga kalmar wake ya samo suna, koose kuwa ƙosai ne, tuo zaafi kuma tuwon zafi. Mai dako mace ana kiranta kayayoo, wato kaya na Hausa haɗe da yoo, mace a harshen Ga.

Na taɓa gwada wannan zane da kaina wata ranar Laraba, ranar da kasuwar Nima ke cika, da 'yar basirar da na koyo lokacin da nake karatu a Turai. A can na saba zama a tashar jirgin ƙasa in zana mutum goma ba wanda ya ɗaga kai. A Nima ban cika minti biyar ba yara suka kewaye ni, wani dattijo kuma ya zo ya yi sallama ya ce, "Malam, wa ya aiko ka?" Tambayarsa tana kan hanya, domin mutanen unguwar sun sha ganin baƙi da kyamara suna ɗaukar kwata da bola su tafi. Sai da aka gaisa, aka san daga ina nake, sannan aka ba ni benci. Matar da na nufa da zanen, mai sayar da shinkafa da wake, ta ce, "In ni za ka zana, Malam, tsaya in gyara ɗankwali." Daga wannan lokaci abin da ke gabana ya tashi daga mace mai aikinta, ya koma mace da ta shirya a kalle ta. Ga kuma waɗanda ke ƙin a zana su saboda fatawar malaman da ke ƙyamar surar abu mai rai, wanda dole mai zane ya girmama.

3.0 Ablade Glover da Taro

Wanda ya fi shahara da zanen cunkoson jama'a a Gana shi ne Farfesa Ablade Glover, haifaffen Accra a 1934, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Ba ɗan zango ba ne, amma kasuwa da tashar mota da rufin kwanon gidaje da sahun masallata duk suna cikin abubuwan da ya yi ta maimaitawa. Da 'yar wuƙa yake shafa fenti mai kauri. In ka matso kusa, ɗigo-ɗigon launi kawai za ka gani. In ka ja baya, sai kasuwa ta bayyana, kamar ka ji hayaniyarta. Wannan gwaninta ce da ba mai musun ta, kuma ta warware matsalar izini, tunda ba fuskar kowa a ciki.

Sai dai a ganina nan ne kuma rauninta yake idan aka auna ta da ma'aunin zango. Glover yakan kalli taro ne daga sama, kamar wanda ya hau bene. Kallon da hukuma da jaridu suka daɗe suna yi wa Nima ke nan: yawan jama'a, cunkoso, rufi kan rufi. Ba ina cewa niyyarsa ke nan ba, domin zanensa cike yake da sha'awar abin da yake zanawa. Amma ɗan Nima da ya tsaya gaban irin wannan zane zai gane garinsu, ba zai gane kowa ba, alhali shi a wurinsa kasuwa sunaye ce: wance 'yar wane, wane ƙanin wane.

4.0 'Yan Gida

A wajajen 2011 wasu matasan unguwar suka haɗu ƙarƙashin sunan Nima Muhinmanchi Art, suna zanen bango suna koya wa yara zane. Sunan kansa abin nazari ne. Muhimmanci ake nufi, an rubuta shi da ch irin na Ingilishi a madadin c, abin da ke nuna cewa Hausar Gana ta fi rayuwa a baki fiye da a takarda. Ita ce kuma Hausar da ta zubar da bambancin jinsi, har ka ji an ce mace ya zo. A shekarar ce kuma aka fara bikin zanen titi na Chale Wote a Jamestown, inda masu zanen Nima irin su Moh Awudu suka sami fagen nuna aikinsu.

Daga cikin waɗanda suka yi aiki a wannan ƙungiya akwai Rufai Zakari, wanda aka haifa a 1990, ɗan asalin Bawku. Ya yi koyon sana'a a Nima wajen wani mai zane da ake kira Mozzay, ya kuma kammala kwalejin zane ta Ghanatta a 2011. Ba da fenti aka san shi ba. Ledojin fiya wata da na kayan ciye-ciye ake tsintowa, a wanke, a yanka, a danne, sannan a ɗinke su da zare har su zama surar mutum, galibi mace, cikin launuka masu haske. Aikinsa ya kai har zaurukan baje kolin zane na Landan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Zakari ya juya kallon baƙo. Baƙo yakan zo Nima ya ɗauki hoton bola ya manta da mutum. Shi kuwa ya ɗebi bolar ya ƙera mutum da ita, ya tsayar da shi cikin ado yana kallon mai kallo ido da ido. Wannan ita ce matar da ta ce a tsaya ta gyara ɗankwali, an ba ta abin da ta nema. Kuma titi bai ɓace ba, yana cikin ledar, domin sau da yawa ana iya karanta sunan kamfani a jikin rigar da aka ɗinka.

Duk da haka akwai abin da aka rasa. Mutanen Zakari a tsaye suke ko a zaune, sun shirya. Ba ka ganin hannu yana kwasar tuwo, ko wuyan da kwano ya danne, ko ciniki ana ja-in-ja. Aiki ya fita daga cikin hoton, saura kwalliya. Akwai kuma tambayar da ba za a kauce mata ba: idan aka kai zanen ƙasar waje, mai sayen yana sayen fuskar matar ne, ko labarin ledar da aka ceto daga kwata? Ina tsoron na biyun ya fi rinjaye a bayanan da ake rubutawa kan aikin, inda maganar muhalli kan danne maganar mutumin da aka zana.

5.0 Inda Alƙalami ya Fi Fensir

Don kwatanci, ɗalibi ya nemi gajeren labarin Mallam Sile na Mohammed Naseehu Ali, ɗan zangon Kumasi, wanda ke cikin littafinsa The Prophet of Zongo Street (2005). Da Ingilishi aka rubuta shi, kuma a Kumasi aka gina shi, amma titin irin na Nima ne. Mai shayi ne gajere wanda 'yan iskan unguwa suka raina, suna cin bashinsa ba sa biya, har ya auro Abeeba, wadda ta je ta karɓo bashin da ƙarfin damtse ba da saninsa ba. Da mai zanen gani-da-ido ya zauna gaban wannan shago, zai kama tukunya da benci da gajartar mai shayin. Ba zai kama bashin ba, ba kuwa zai kama dalilin da ya sa aka wayi gari ana gaishe shi da ladabi, shi kuma yana zaton haƙurinsa ne ya jawo. Marubucin ya shiga inda zaure ya hana mai zane, domin ya san abin da aka faɗa bayan an rufe shago.

Aikin da nake ba ɗalibaina daga wannan darasi shi ne kowa ya je teburin mai shayi ko bakin kasuwa, ya gaisa, ya nemi izini, ya zauna rabin awa, ya rubuto siffar mutum ɗaya cikin kalmomi 150 ba tare da ya yi amfani da kalmar talaka ko cunkoso ba. Mako na gaba ya koma ya karanta wa mutumin abin da ya rubuta, ya kawo mana gyaran da aka yi masa.