Motar Kara Ta Fi Motar Roba

Abin yayi yanzu a makarantun kuɗi na ƙananan yara shi ne koyarwa ta hanyar wasa. A shafe bango da fenti kala-kala, a cika kwali da kayan wasan roba, sai a ƙara wa iyaye kuɗin zango. Manufar ba ta da laifi. Inda nake ja shi ne zaton da ake yi wai wasa mai amfani sai an sayo shi a kanti a Birnin Kebbi.

Leƙa Dangoma ko ƙauyukan Kalgo bayan girbi. Yaro zai fere karan dawa, ya yanka cikinsa mai taushi, ya sossoke da ɓawon har mota ta tashi. In ƙafa ɗaya ta fi sauran girma, motar karkacewa za ta yi, dole ya warware ya sake awo. Babu wanda ya ce masa lissafi yake yi. Da damina kuma ya koma laka, ya gina sa mai ƙaho da tozo. 'Yan mata a dandali suna gaɗa, wata ta sako sabon baiti nan take, saura su amsa. Wannan yaron mai motar kara ne za a zaunar a aji a ce ya naɗe hannu ya maimaita abin da malam ya faɗa, in an ga kara a aljihunsa a kira shi mai shiririta.

Mu 'yan ƙasar Gwandu bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zuba ilimi cikin waƙe don ya zauna a ka. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi jajojinta, wato matan da ta horar, suka karantar da matan karkara. Ga kuma zayyanar allon sauka, wadda ba kowa ke iya ta ba.

Na san iyaye za su ce, “Karatu muka tura shi ko wasa?” Suna da gaskiyarsu, don malamin da ya saki yara ya koma gindin bishiya yana hira bai koyar da komai ba. Aikin sai da shiri: yau a ƙirga da ƙafafun mota, gobe a gina baƙi da laka, jibi yara su sauya ƙarshen tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yadda suke so. Da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu za ta riƙa auna ɗalibanta da irin wannan darasi lokacin gwajin koyarwa, da malamin firamare a Dangoma ya daina jiran a kawo masa kwalin roba.