Jaridar Alfijir ta Kano da Matsayin Rubutun Ajami

Gabatarwa

A cikin jaridun da Kamfanin Triumph na Kano ya buga, Alfijir ce masu nazari suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa ita ce ta fi ficewa daga sahun sauran jaridun ƙasar nan. Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ce ta kafa kamfanin a 1980, mazauninsa kuma Gidan Sa'adu Zungur. Ya buga Triumph da Turanci, Albishir da Hausar boko, sannan Alfijir da Hausar ajami mako-mako. Manufar wannan maƙala ita ce auna abin da Alfijir ta cim ma, da kuma inda ta gaza.

Tushen Al'amarin

Tun da Turawan mulkin mallaka suka zaɓi boko don harkar ofis da makaranta, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, kuma ya fito da ƙa'idojin rubutunsa a 1912, sai ajami ya koma hannun malamai da marubuta waƙoƙi da 'yan kasuwa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da boko ta fito, ko da yake an yi mata 'yar rakiya ta ajami mai suna 'Yar Gaskiya. Saboda haka ba Alfijir ce ta fara sa ajami a jarida ba. Abin da ta yi shi ne ta ba shi jarida sukutum, wadda ba ta raɓe a jikin wata ba.

Abin da Ta Cim Ma

A gari irin Lajawa ta ƙasar Wudil akwai mutanen da suka sauke Alƙur'ani, suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, amma in an zo ƙidayar masu ilimi sai a sa su cikin jahilai domin ba su san boko ba. Irin waɗannan Alfijir ta nufa. Manomi ko alaramma ya sami damar karanta labarin taki da zaɓe da idonsa, ba sai ya jira ɗan makaranta ya karanta masa ba. Wannan ya dace da aƙidar PRP ta kusantar talakawa, ya kuma nuna cewa ajami na iya ɗaukar labarin duniya kamar yadda ya daɗe yana ɗaukar wa'azi.

Inda Ta Gaza

Rauninta na farko shi ne dogaro da gwamnati. Jaridar da baitulmali ke ciyarwa ba ta cika iya ɗaga wa mai ciyar da ita murya ba, kuma ranta na hannunsa. Da gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta rufe kamfanin a 2012, sai Alfijir ta tsaya tare da 'yan uwanta. Daga baya an yi yunƙurin farfaɗo da kamfanin, amma an riga an yanke zaren da ya haɗa jaridar da masu karatunta kusan shekara talatin.

Rauni na biyu ya shafi ƙa'idar rubutu. Boko ya sami ƙamusun Bargery a 1934, da Hukumar Harshen Hausa a 1955. Ajami bai sami hukuma irin wannan ba. Har yanzu marubuta na saɓawa wajen rubuta sautuka irin su ɓ da ts da c, da kuma wasalin o. Jaridar da ke fitowa kowane mako ita ce wurin da ya fi dacewa a daidaita waɗannan, amma aikin bai kai ga ƙa'idar da kowa ya amince da ita ba. Da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, sai fagensa a harkar hukuma ya ƙara ƙuntata.

Kammalawa

Kofen Alfijir taska ce ta zuben ajami na zamani, ga shi kuwa takardar jarida ba ta jure gara da damina. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i, musamman na Jami'ar Bayero, su tattara abin da ya rage su ɗauki hotonsa, ɗalibai masu neman babban digiri kuma su nazarci yadda ta sarrafa baƙaƙe da wasula. Daga nan ne za a iya ɗora harsashin ƙa'idar da har yau ajami ke jira.